SABUWAR MARUBUCIYA: A WANE LAYI ZA KI KAFA RUMFARKI?

Darasinmu na wannan fitowa na masu sha'awar rubutu ne, musamman waɗanda ba su daɗe da ɗaukar alƙalami ba, da kuma waɗanda suke ta juya abin a zuci amma har yanzu ba su kai ga farawa ba. Zancen ƙa'idojin rubutu, wato inda ake sa aya da waƙafi da yadda ake raba kalmomi, wannan sai wani jiƙon in Allah ya kai mu. Akwai tambayar da ta riga su duka, ita ce: a kan me zan yi rubutu, kuma don wa zan yi shi?

Duk wadda take hulɗa da ɗalibai mata, 'yan mata ne ko matan aure, ta san sha'awar rubutu ta yi yawa a tsakaninmu. Sai dai da yawa daga waɗanda suke farawa ba sa kai labari, kuma in kika duba za ki tarar sun kasu gida uku. Ta farko ita ce mai cewa, "Malama, ni fa ina son rubutu, amma da na ɗauki biro sai kaina ya ɗaure, na rasa abin da zan ce." Ta biyu kuwa abin faɗar ne ya yi mata yawa: yau ta fara labarin soyayya, gobe ta koma yadda ake dambun nama, jibi tarbiyyar yara, gata kuma siyasa. Littafinta cike yake da farko-farkon abubuwa, babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe. Ta uku ita ce wadda take leƙen abin da yake tashe, duk abin da ta ga ana rububi a kansa sai ta kwaikwaya, har sunayen taurarin da irin motocin da suke hawa.

Ciwon nasu guda ne, ko da yake alamominsa sun bambanta: babu wadda ta tsayar da fanninta a cikinsu. To, mene ne fanni, kuma ta yaya mace za ta gane nata?

DARASI DAGA KASUWA

Mu mutanen Fagge da Sabon Gari ba sai an kai mu nesa za mu fahimci wannan ba, domin a tsakiyar kasuwanni muke kwana muke tashi. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce ta fatake da Buzaye masu ayarin raƙuma. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka kafa Sabon Gari a 1913 don baƙin da suka biyo shi neman aiki da ciniki. Daga nan har yau saye da sayarwa ne numfashin wannan yanki.

Yanzu ki lura da yadda abin yake a tsare. In atamfa kike so ko shadda ko leshi, Kantin Kwari za ki nufa, inda har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari. In buhun sukari ne ko katan ɗin taliya, sai Singa. Mai shirin tafiya Umara da ke neman riyal, Wapa zai dosa. Mai son waya, titin Beirut. Ita kanta kasuwar Sabon Gari da ake cewa babu abin da babu a cikinta, in kika shiga layi-layi za ki tarar: ga 'yan takalma, ga masu kwanuka da tangaran, ga masu kayan kwalliya, ga masu littattafai.

Me ya sa ɗan kasuwa yake kama layi guda ya zauna a kai? Da farko dai, don mai saye ya san inda zai same shi. Uwar da za ta haɗa kayan ɗakin 'yarta ba ta da lokacin zagaye kasuwa tana tambaya, kai-tsaye take tafiya wurin wanda aka san shi da wannan kaya. Na biyu, daɗewa a kan abu guda shi ke kawo ƙwarewa. Mutumin da ya shekara goma yana sayar da atamfa, da ya shafa turmi da hannu zai gaya miki ko mai zuba ce, ba sai ya duba tambari ba. Na uku kuma, daga ƙwarewa ake samun yarda, har ki ga mace ta aika yaro da kuɗi ta ce, "Ka ce wa Alhaji ya zaɓo min mai kyau," ba tare da ta ga kayan ba.

Haka yake a rubutu. Fanninki shi ne layinki. Shi ne abin da in an ambaci sunanki mai karatu zai ce, "Ai wance ce mai rubutu a kan kaza." Ita kuwa marubuciyar da ba ta da layi, kamar mai talla ce da yau ta ɗauko goro, gobe lemo, jibi sabulu. Za a saya jefi-jefi in ta gifta, amma babu mai fitowa daga gida takanas don nemanta, tunda ba a san da me za ta zo ba.

A nan ya kamata mu bambance abu biyu da ɗalibai kan gwama. Jigo shi ne saƙon da ke cikin rubutu guda, labari ɗaya ko maƙala ɗaya. Fanni kuwa shi ne gonar da kike nome jigoginki a ciki shekara da shekaru. Salo kuma shi ne yadda kike sarrafa harshe wajen isar da saƙon. Jigo yakan canza daga rubutu zuwa rubutu, salo yakan nuna a hankali, amma fanni shi ake fara tsayarwa.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Bari mu duba wasu mata da sunansu ya tsaya a rubutun Hausa, mu ga daga ina kowacce ta samo nata layin.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta so, da ta tsaya a Larabci kawai ta yi ta musayar ilimi da manyan malamai, don tana da ƙarfin yin hakan. Amma ta san waɗanda take son saƙonta ya kai gare su: matan karkara da ba su iya karatu ba, waɗanda aikin gida da nisa suka hana zuwa makaranta. Saboda su ta riƙa tsara darussa a waƙe cikin harshen da suke ji, yadda za a haddace a rera ana daka ko ana kaɗi. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, wato dattijuwar da za ta zo ta ɗauki karatu ta koma ƙauyensu ta koyar. Kin ga ke nan sanin mai sauraro shi ya zaɓa mata harshe, shi ya zaɓa mata siga, har da hanyar da rubutun zai bi ya isa.

Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, haifaffiyar Ƙofar Mata a nan Kano, ita ce ta rubuta So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan ya yi fice a gasar da kamfanin ya shirya. Shi ake ƙirgawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ba ta tafi wata duniya ta aro labari ba. Rayuwar Fulani da ta sani ta ɗauko, da rikicin da kan tashi in yarinya ta tsaya a kan zaɓinta dangi kuma suka tsaya a kan al'ada.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13. Wannan abin da ya same ta bai bar alƙalaminta ba. A Budurwar Zuciya (1987) ta taɓo mazan da suka mai da auri-saki sana'a. A Wa Zai Auri Jahila? (1990) ta kawo yarinyar da aka raba da karatu aka aurar wa tsoho, ta ƙi zama, ta koma neman ilimi har ta zama abin kwatance. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) ta kawo Rabi, matar wani ɗan kasuwa da ya kore ta da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Littattafai daban-daban, taurari daban-daban, amma gona ɗaya ce: halin da mace take shiga a gidan aure in aka tauye mata haƙƙi, da yadda ilimi da sana'a suke tsamo ta. Wannan littafi na ƙarshe Farfesa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Ki duba fa, labarin cikin gida na wata unguwa a Kano, sai ga shi ana karantawa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Kantin Kwari ba. Da ta ce bari ta rubuta abin da zai burge duniya, mai yiwuwa da ko Zariya bai kai ba.

Ita kuma Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu suke kira Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa (1994), gidan auren nan dai ta shiga, amma ta wata ƙofar. Taurarinta mata ne masu karatu mai zurfi da riƙon addini, waɗanda suka iya tafiyar da miji da aiki da dangi cikin dabara da lalama. Inda Balaraba take nuna ciwo ƙiri-ƙiri, ita Bilkisu tana nuna wa yarinya abin da za ta iya zama. Layi ɗaya suke, amma kowacce da rumfarta, kuma kowacce da masu nemanta.

A kusa-kusan nan ma haka abin yake. Da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A 2022 kuma Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ce ta lashe da Garar Biki.

A ɗaya gefen kuma, ki tuna yadda littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1990, har wasu masana suka laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano. An buga littattafai masu ɗimbin yawa, da dama daga ciki kwaikwayon juna ne: yarinya kyakkyawa, saurayi ɗan mai kuɗi, kishiya muguwa, boka. An saya, an karanta, an ba da haya, an manta. Waɗanda har yau ake nazarinsu a jami'o'i su ne na marubutan da suke da abin faɗa nasu na kansu.

TAMBAYOYI HUƊU DA ZA KI YI WA KANKI

Ta farko: Me na sani wanda ba kowa ya sani ba?

Yawancinmu mun raina abin da muka sani, saboda kullum muna cikinsa. Wadda ta tashi a gidan masu ɗinkin hula gani take kowa ya san bambancin zane da zane, da kwana nawa hula take ɗauka, da nawa dillali yake ci a kai. Alhali kuwa ba kowa ba. Ungozoma, da malamar asibiti, da mai kitso, da mai saro atamfa a Kwari tana bi gida-gida tana bayarwa bashi, da wadda ta yi shekara goma tana jinyar uwar miji, da wadda ta girma a gidan haya a Sabon Gari tsakanin Yarabawa da Inyamurai da Igala har ta iya harshensu da girkinsu, kowacce tana zaune a kan taska. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ɗauki takarda ki jera duk abin da mutane suke zuwa tambayarki a kai, ko da kina ganin ƙarami ne. Abin da ake yawan tambayarki, a nan saninki yake.

Ta biyu: Me yake ci min tuwo a ƙwarya?

Sani kaɗai ba ya isa. Akwai abubuwan da kika sani sarai amma ba su dame ki ba, in kika fara rubutu a kansu kwana kaɗan za ki gaji. Ki nemi abin da in aka taso da zancensa a gidan biki ko gidan suna ba kya iya yin shiru. Wata zancen yara masu talla ne, wata yadda ake wulaƙanta zawarawa, wata tsadar kayan ɗaki, wata kuma yadda girke-girken kakanninmu suke ɓacewa. Rubutu aiki ne mai cin rai, kuma sau da yawa babu ko sisi a cikinsa a farkon tafiya. Abin da zai tashe ki ki rubuta shafi biyu bayan kin sallami yara kin gama wanke-wanke, dole ya zama abin da yake damun zuciyarki da gaske.

Ta uku: Wa nake yi wa magana?

In kika ce "kowa da kowa," to ba ki amsa ba tukuna. Ki zaɓi mace guda ki zaunar da ita a gabanki a zuci. Shekarunta nawa? Iya ina ta yi karatu? A wane lokaci take samun sukunin karatu, kuma minti nawa? Ita take karantawa ko karanta mata ake yi? Amaryar da ta gama sakandare bara, da uwar 'ya'ya shida da ta koma makarantar dare, ba da murya ɗaya ake yi musu magana ba, ko da batun ɗaya ne. Wannan shi ne darasin Nana Asma'u. Da zarar kin san wadda kike wa magana, tsawon rubutun da kalmomin da za ki zaɓa da misalan da za ki kawo duk za su daidaita da kansu.

Ta huɗu: Rijiyar tana da ruwa?

Wani batun kina rubutu biyu a kansa ya ƙare. Ga yadda za ki gwada: ki zauna ki rubuta kanun batutuwa 20 a ƙarƙashin fannin da kike tunani, ba tare da kin tambayi kowa ba. In kin kai 20 cikin sauƙi, har wasu suna zuwa, to rijiyar tana da ruwa. In kika cije a 5 ko 6, ko dai fannin ya yi ƙunci da yawa, ko kuma saninki a kansa bai kai yadda kike zato ba, sai ki koma ki ƙaro.

Inda amsoshin nan huɗu suka haɗu, nan ne layinki.

RAGE FAƊI, ƘARA ZURFI

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar fanni mai faɗin gaske. "Zan riƙa rubutu a kan mata." To, wace macen? "A kan aure." Ai aure kasuwa ce sukutum, ba layi ba. Ki riƙa ragewa har sai kin iso wurin da za ki iya faɗar abin da wata ba ta faɗa ba.

Alal misali, daga aure ki gangaro zuwa shekarar farko ta aure. Daga nan ki sake gangarowa zuwa shekarar farko ta amarya a gidan haya, inda ake haɗa famfo da banɗaki da igiyar shanya da mutanen da ba ta taɓa sani ba. Nan take batutuwa za su fara zubowa: rabon kuɗin wuta, aron kaya, yaran maƙwabta, baƙin miji a ɗaki ɗaya, ranar da mai gida ya ƙara kuɗin haya. Kowanne maƙala ne, kowanne kuma yana iya zama labari.

Ko kuma daga sana'a ki gangaro zuwa sana'ar cikin gida, daga nan zuwa dillancin atamfa da kayan lefe. Yaya ake fara sari da ƙaramin jari? Yaya ake rubuta bashi, kuma yaya ake karɓarsa daga 'yar uwa ba a ɓata ba? Ina adashi yake taimako, ina yake karya mutum? Da gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da kuma lokacin da ambaliya ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, an ji asarar masu shaguna a rediyo. Amma matan da suke cikin gida, waɗanda jarinsu yake hannun waɗannan 'yan kasuwa, ko suke karɓar kaya a wurinsu su sayar, wa ya ba da labarinsu? Haka lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, yaya mai ƙosai da uwar adashi suka yi? Waɗannan duk gurabe ne da suke jiran mai cike su, kuma wadda take zaune a Fagge ta fi kowa kusa da su. Ciwon 'ya mace, ai na 'ya mace ne.

ƘORAFE-ƘORAFEN DA AKAN YI

Wata za ta ce, "In na tsaya a abu ɗaya ai na takura kaina." Ba a ce ki mutu a layi guda ba. Cewa aka yi ki fara da guda har a san ki, ki kuma san kanki. Ɗan kasuwar da ya kafu a atamfa yana iya ƙara leshi daga baya, masu sayensa su bi shi, domin sun riga sun yarda da shi. Amma taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, balle ga mai sabon haƙori.

Wata kuma ta ce, "Ai an riga an yi rubutu a kan wannan." Ki shiga Kwari ki ƙirga masu sayar da atamfa in za ki iya. Duk da haka gobe wani zai buɗe sabon shago ya samu masu saye, saboda shi ya fi gane zaɓin 'yan mata, ko ya fi sauƙin hali, ko ya ƙware a haɗa lefe. Kasancewar mutane a layi alama ce ta cewa akwai ciniki a wurin. Abin da ake nema gare ki shi ne ki karanta waɗanda suka riga ki da kyau, ki ga inda suka tsaya, ki ɗora daga nan.

Wata ta ce, "Malama, gaskiya soyayya ita ake karantawa, in na rubuta wani abu wa zai duba?" Babu laifi a rubuta soyayya in an kiyaye mutunci, kuma in nan ne layinki, bismillah. Amma ki shiga don kina da abin faɗa a kai, kada ki shiga don kin ga cunkoso. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mata 50 da za su riƙa jiran rubutunki saboda yana warware musu wata matsala sun fi miki dubu da za su leƙa su wuce, domin su ne za su gaya wa wasu.

Sai kuma gargaɗi biyu. Na ɗaya, akwai fannonin da sha'awa kaɗai ba ta isa a shige su ba. Magani da lafiyar jiki, da hukunce-hukuncen addini, da shari'a, in ba ki karance su ba kada ki mai da kanki mai ba da fatawa a kansu. Kina iya rubuta abin da mata suke fuskanta, ki je wurin masana ki tambayo, ki faɗi daga wanda kika ji. Rubutu yana zuwa inda ƙafarki ba ta zuwa, in kika yi kuskure a irin waɗannan, gyaransa da wuya. Na biyu, tunda daga rayuwar da kika sani za ki ɗebo, ki kiyaye sirrin mutane. Abin da ƙawarki ta gaya miki tana kuka amana ce. In darasin cikinsa ya cancanci a yaɗa, ki nemi izininta, ki sauya suna da unguwa da duk wata alama, yadda ko maƙwabciyarta ba za ta gane ba.

AIKIN GIDA

Ga abin da nake so kowace mai sha'awa ta yi kafin fitowa ta gaba:

1. Ki samu littafin rubutu sabo, ki ware shafi huɗu, kowace tambaya da shafinta, ki amsa su a rubuce. Amsar da aka bari a ka ba amsa ba ce.

2. Ki fitar da fanni biyu da suka fi fitowa a amsoshinki, ki yi wa kowanne gwajin kanun batutuwa 20. Wanda ya fi ruwa shi za ki ɗauka.

3. Ki rubuta layinki a jimla ɗaya tak, kamar haka: "Ina rubuta wa (wance) a kan (kaza) domin ta (samu kaza)." Misali: "Ina rubuta wa matan da suke sana'a a cikin gida a kan bashi da adashi domin jarinsu ya daina narkewa." In jimlar ta ƙi tsayawa, fannin bai tsaya ba.

4. Ki ɗauki alƙawarin wata 3, duk mako rubutu ɗaya, ko da shafi ɗaya ne, ba tare da kin fita daga layin ba. Wato rubutu 12 ke nan. In wani tunani na daban ya zo miki, ki rubuta shi a shafin ƙarshe na littafin ki ajiye, zai jira ki.

5. Ki nemi mata 3 zuwa 5 irin waɗanda kike rubutawa dominsu, ki karanta musu. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, don kunya za ta sa su ce ya yi. Ki dubi fuskarsu: a ina suka gyara zama, a ina suka katse ki suka ce "wallahi haka ne," a ina kuma hankalinsu ya koma kan yaro ko tukunya. Wurin da suka katse ki, nan ne za ki ƙara haƙawa.

Bayan wata ukun sai ki zauna ki yi wa kanki hisabi, kamar yadda ɗan kasuwa yake ƙirga kaya. In har yanzu batutuwa suna zuwa, kuma an fara tsayar da ke ana cewa "yaushe za ki kawo mana ci gaban wancan," to kin samu layinki, sai ki riƙe shi da kyau. In kuwa kin ga ja kike yi da ƙyar, ba asara kika yi ba, kin samu rubutu 12 da hannun da ya faɗa, sai ki koma kan fanni na biyu ki gwada shi. Sannu ba ta hana zuwa.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake tattara bayanai kafin a fara rubutu: yadda ake yi wa dattijai tambaya, da yadda ake tantance abin da aka ji. Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya sa abin da za mu rubuta ya amfane mu ya amfani na bayanmu.